Shaidar da Ke Ƙarƙashin Giya: Akwatin Naɗar Bayanai a Motocinmu

   

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin da aka yi haɗari a hanyar nan tamu da ta tashi daga Birnin Kebbi ta bi ta Argungu ta nufi Sakkwato, ya san yadda magana ke rarrabuwa tun kafin a gama kwashe waɗanda suka ji rauni. Direba ya ce birki ne ya ƙi. Fasinjan da ya tsira ya ce ai tun daga tasha suke roƙonsa ya sassauta. Mai shayin bakin titi ya ce ɗan kabu-kabu ne ya faɗo kwalta bai duba ba. Ɗan kabu-kabun kuwa an lulluɓe shi da zane, ba shi da bakin faɗin nasa. Ba lalle ne a cikinsu akwai mai ƙarya ba. Abin kan faru kafin mutum ya ja numfashi biyu, ga firgici, ga ƙura, kowa kuma ta gefen da yake tsaye ya gani. Daga nan sai dattawa su ce ƙaddara ce, a yi haƙuri, a watse.

Mun yi imani da ƙaddara, ba mu da ja a kan haka. Amma bayan an yi jana'iza akwai marayu da za a ciyar, akwai maganar diyya ko sulhu, akwai direban da ke tsare a ofishin 'yan sanda iyalinsa na kuka, akwai kuma lanƙwasar da ta ci mutum yau wadda za ta sake cin wani gobe in ba a gano dalili ba. Duk waɗannan suna buƙatar a san abin da ya faru. A cikin motoci da yawa da ke bin hanyar nan akwai wata 'yar na'ura da ta rubuta abin da ya faru ɗin, mu kuwa sau tari sai mu sayar wa 'yan gwangwan da ita tare da ragowar ƙarfen, ba wanda ya tambaye ta.

Mu mutanen Ambursa ba baƙi ba ne ga zancen jirgi, tunda filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello a ƙasarmu yake. Kowa ya sha ji a labarai cewa in jirgi ya faɗi, abin da masu bincike ke fara nema shi ne baƙin akwati, wanda a zahiri ruwan lemo ake shafa masa don a yi saurin hango shi cikin tarkace. Wani masani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna David Warren ne ya yi fice wajen ƙirƙiro shi a shekarun 1950. To mota ma tana da nata, Turawa na taƙaita sunansa da haruffa uku, EDR. Sai dai na mota ya bambanta da na jirgi ƙwarai. Na jirgi yana naɗar muryar matuƙa da bayanan tafiya na sa'o'i. Na mota ba ya jin hirarku, ba ya ɗaukar hoto, bai san wanda ka ɗauko ba. 'Yan sakan kaɗan kawai yake riƙewa, waɗanda suka gabaci karo da kuma karon kansa.

Asalinsa daga jakar iska ne, wadda kanikawa ke ce wa iyabag. Jakar nan ba ta fashewa da ka. Akwai wata ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke auna girgizar mota a kowane lokaci, ita ke yanke hukunci cikin ƙiftawar ido ko wannan rami ne aka faɗa, ko kuwa karo ne da ya isa a saki jaka. Injiniyoyi suka so su san ko ƙwaƙwalwar na yanke hukunci daidai, sai suka sa ta riƙa ajiye abin da ta ji. Kamfanin General Motors na Amurka ya fara irin wannan tun 1974 a motocinsa na farko masu jakar iska. A 1994 ya inganta na'urar ta riƙa rubuta ƙarfin karo, a 1999 kuma ta fara ajiye abin da ya faru kafin karon. A shekarar 2000 wani kamfani mai suna Vetronix ya fito da na'urar da masu bincike za su iya karanta bayanan da ita, wadda yanzu take hannun kamfanin Bosch. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2006, ta fara aiki a watan Satumba na 2012, cewa duk motar da aka sa wa wannan na'ura dole ta rubuta aƙalla abubuwa 15 iri ɗaya, kuma dole a samu abin karanta su a kasuwa. Hukumar ta ƙiyasta cewa kusan kashi 96 cikin 100 na ƙananan motoci ƙirar 2013 suna ɗauke da ita. Tarayyar Turai ta wajabta ta ga dukkan sababbin ƙananan motoci daga watan Yuli na 2024.

Wani zai ce me ya haɗa mu da dokar Amurka? Ɗan uwa, leƙa garejin gidanka ko wurin dillalan mota a Birnin Kebbi. Camry da Corolla da Sienna da Highlander da Accord da muke ce wa Beljiyam ko 'yan Kwatano, da yawansu daga Amurka da Kanada aka yo jigilarsu. Da na'urarsu suka zo, ba wanda ya cire.

A yawancin motoci tana nan a tsakiya, ƙarƙashin robar da ta rufe giya da birkin hannu, an ɗaure ta da ƙusoshi a jikin ƙarfen ƙasan mota. A wasu kuma tana ƙarƙashin kujera. Akwati ne na ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba sosai, wayoyinsa galibi masu kan ruwan ɗorawa ne. An zaɓi tsakiya ne saboda nan ne wurin da ya fi tsira in gaba ko baya ya murƙushe.

Muddin mota na kunne, na'urar tana rubutu tana gogewa, tana rubutu tana gogewa, ba ta tara komai. Sai in ta ji bugu mai ƙarfi, wanda bisa ƙa'idar Amurka shi ne saurin mota ya canja da kilomita 8 a awa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa shida na sakan, sannan ta tsaya ta adana abin da ke hannunta. Abin da ta adana ya haɗa da saurin mota a sakan biyar na ƙarshe, ana ɗauka sau biyu a kowane sakan. Ko ƙafar direba na kan totur, kuma yaya ya taka shi. Ko ya taɓa birki. Ko ya ɗaura bel. Ƙarfin bugun da motar ta sha. Da lokacin da jakar iska ta fashe. Sababbin motoci kan ƙara da juyin sitiyari da gudun inji. In jaka ta fashe, bayanin yakan kulle, ba ya goguwa. In ba ta fashe ba, wani bugun na gaba na iya hawa kansa ya shafe shi.

Kada sakan biyar ya yi muku kama da kaɗan. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. A sakan biyar ta shafe kusan mita 140, wato ta wuce tsawon filin ƙwallo. Duk da haka su ma Amurkawa sun ga bai isa ba, shi ya sa a watan Disamba na 2024 suka yanke shawarar a tsawaita shi zuwa sakan 20.

Bari mu ɗauki misali, mu ga yadda mai bincike ke karanta takardar. A ce wata Corolla ta buge mai babur a shigowa gari, inda dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade kilomita 50 a awa. Direba ya rantse bai wuce 60 ba, kuma ya taka birki ya ƙi. Mai bincike zai durƙusa a gefen direba, ya laluba ƙarƙashin sitiyari, ya samu wani soket mai ramuka 16, wanda masu rewaya ke jona na'urar sikanin a ciki. Nan zai jona tasa, ya haɗa da kwamfuta. In wutar motar ta lalace, sai ya kwance akwatin ya jona shi kai tsaye a kan teburi. Takarda ta fito, layi-layi. In ta nuna a sakan biyar kafin karo motar na kan 110, ƙafa na kan totur har saura sakan ɗaya, birki bai kama ba sai a rabin sakan na ƙarshe, to birki bai ƙi ba, makara aka yi wajen taka shi. In kuwa ta nuna 55, an saki totur tun saura sakan huɗu, an danne birki tun saura uku amma saurin bai ragu ba, to direban nan gaskiya ya faɗa, sai a koma kan bakanike da mai motar da wanda ya sayar da kayan birkin. Na'urar ba ta san mai kuɗi ba, ba ta san talaka ba, kuma wannan shi ne abin da ya sa nake ganin darajarta.

Da can masu bincike kan auna tsawon baƙin zanen da taya ta bari a kwalta su lissafa gudu. Motocin yanzu masu birkin ABS ba su cika barin zane ba, domin tayar ba ta kullewa. Ga shi kuma a wurinmu kafin jami'i ya iso jama'a sun tattake wurin, an ture motar gefe don tireloli masu shinkafa su wuce. Alamun ƙasa suna ɓacewa cikin awa guda, abin da ke cikin akwatin kuwa yana nan.

An ga aikinta a kan manyan mutane. A watan Afrilu na 2007 gwamnan jihar New Jersey ta Amurka, Jon Corzine, ya yi mummunan haɗari a motar gwamnati, ɗan sanda na tuƙa shi. Na'urar ta nuna motar na gudun kusan kilomita 146 a awa a hanyar da iyakarta kusan 105 ne. Gwamnan bai ɗaura bel ba, ya karye a wurare da dama, da ya warke ya fito ya nemi afuwar jama'a ya kuma biya tara. A watan Nuwamba na 2011 mataimakin gwamnan Massachusetts, Timothy Murray, ya kife da mota da asuba. Ya ce ba gudu yake ba, kuma da bel a jikinsa. Da aka karanta akwatin, sai ga motar ta kai kusan kilomita 174 a awa, bel kuma ba a ɗaure ba. Masu bincike suka ce alamu sun nuna barci ne ya sace shi. A watan Fabrairu na 2021 shahararren ɗan wasan golf Tiger Woods ya faɗi da mota kusa da Los Angeles. Bayanan suka nuna yana tsakanin kilomita 135 da 140 a inda aka ƙayyade kusan 72, bai taɓa birki ba, totur kuma a danne kusan har ƙasa. 'Yan sanda suka ce mai yiwuwa cikin ruɗewa ya taka totur a zaton birki ne.

Wannan kuskuren ƙafa ya fi yadda muke zato yawa. Lokacin da aka yi ta ƙorafi a Amurka a 2009 da 2010 cewa motocin Toyota na zabura da kansu, an gano matsaloli na gaske a shimfiɗar ƙasa da ke maƙale totur da kuma totur mai cijewa, kamfanin ya janye miliyoyin motoci don gyara. Amma da hukuma ta karanta akwatuna 58 na motocin da aka ce sun zabura, a 35 daga ciki ba a taɓa birki ba sam. Mutanen nan da zuciya ɗaya suke rantsuwa sun taka birki. Ƙafar ce ta sauka inda ba nan ba.

'Yan uwa direbobi, na san wani zai ji kamar an dasa masa ɗan leƙen asiri a mota. Ku saurari wannan. A 2014 General Motors ya janye ƙananan motoci kusan miliyan 2.6 saboda makunninsu yana da lahani. Mota na cikin tafiya sai makulli ya zame, inji ya mutu, sitiyari ya yi nauyi, birki ya yi tauri, jakar iska kuma ta ƙi fashewa. An amince cewa mutum 124 ne suka rasu ta dalilin haka. Shekara da shekaru direbobi ake ɗora wa laifi, ana cewa gudu ne ko maye. Daga cikin abubuwan da suka tona asirin lahanin har da bayanan akwatunan wasu motocin da suka yi haɗari, waɗanda suka nuna makulli ba ya mazauninsa na tafiya a lokacin karo. Wata mata a jihar Texas da ta amsa laifin kisa bisa sakaci bayan saurayin da za ta aura ya rasu a motar da take tuƙawa a 2004, sai a ƙarshen 2014 kotu ta wanke ta. Shekara goma ta yi tana ɗauke da nauyin ran da ba ita ta yi sanadinsa ba. Direba mai gaskiya ba shi da aboki kamar wannan na'ura.

Tana da iyaka, kuma wajibi ne a faɗa. Saurin da take rubutawa daga juyin taya take samo shi. In taya na juyawa a banza cikin yashi, ko motar ta tashi sama, ko an sa mata tayar da ta fi wadda kamfani ya tsara girma kamar yadda wasu ke yi, lissafin zai karkace. Ba za ta gaya maka akuya ce ta gitta ba, ko hazon hunturu ne ya rufe hanya, ko tirelar da ta lalace aka bari ba alama, ko direba na danna waya. Don haka dole a haɗa ta da awon wurin, da duba jikin motar, da maganar shaidu. Tsofaffin Golf da Sharon da J5 da suka daɗe suna jigilar mutanenmu galibi ba su da abin da za a karanta, babura da Keke Napep kuwa babu zancen. Wasu kamfanoni irin su Hyundai da Kia na'urar karatunsu daban ce.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafar mu. Da yawa daga motocin da ake shigo mana da su sun riga sun yi haɗari a can, an saye su a gwanjo, aka gyara jiki aka fesa fenti. Wata an ɗinke murfin sitiyari babu jaka a ciki, an kashe fitilar gargaɗin. Wata an ɗauko akwatin wata motar an dasa mata. Irin wannan, bayanin da ke ciki na iya zama na haɗarin da aka yi a wata ƙasa shekarun baya. Ƙwararren mai bincike yana da hanyar ganewa, domin na'urar tana ƙirga sau nawa aka kunna motar, tana rubuta lambar a lokacin haɗari da kuma lokacin da ake karantawa. In tazarar lambobin biyu ta kai dubbai, to tsohon labari ne. Aiki ne na wanda aka horar, ba na duk mai kwamfuta ba, domin takardar da aka karanta ba daidai ba tana iya ɗaure marar laifi.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda muke ce wa Rod Sefti, an kafa ta a watan Fabrairu na 1988. Ta bayyana cewa mutum 5,421 ne suka rasu a haɗurran hanya a Najeriya a 2024, a 2023 kuma 5,081, kuma shekara bayan shekara gudun wuce ƙa'ida take sawa a gaba cikin dalilai. Tun 2016 ta fara matsa wa motocin haya su sa na'urar taƙaita gudu. Kirana ga hukumar, da sashen 'yan sanda mai kula da haɗurra, da gwamnatin jihar Kebbi, shi ne a tabbatar akwai na'urar karanta waɗannan akwatuna a Birnin Kebbi da jami'an da suka iya ta, ta yadda duk haɗarin da aka rasa rai za a duba ko motar na da abin karantawa. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 84, ta buɗe ƙofar karɓar bayanan da suka fito daga kwamfuta a kotu in an cika sharuɗɗa. Lauyoyinmu da alƙalanmu su san da wannan. Ra'ayina kuma shi ne kada a buɗe akwatin kowa sai da yardar mai motar ko umarnin kotu, kamar yadda Amurka ta tanada a dokarta ta 2015 wadda ta ce bayanan mallakar mai mota ne. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshinmu su ma suna da ta cewa, domin 'ya'yansu ne ake tsarewa.

Mu kuma jama'ar gari, in haɗari ya auku, rai ne farko. A ceci mutane, a kira lambar gaggawa ta Rod Sefti, 122. Bayan haka, don Allah matasa, kada fushi ya sa a cinna wa mota wuta. Wanda ya ƙona motar da ta buge ɗan uwansa ya ƙona hujjar da za ta ƙwato wa marayun haƙƙinsu. Mai waya ya ɗauki hoton yadda motocin suka tsaya kafin a ture su. Kada a yi ta murza makulli ana gwada ko za ta tashi. Kada a bar ta a buɗe ruwan damina ya cika ta. Kada a kai ta wurin mai rewaya ya goge ƙwaƙwalwar jakar iska ko ya canja ta, kada kuma a sayar wa 'yan gwangwan, har sai magana ta ƙare. Iyalan wanda abin ya shafa, ko na mamaci ko na direba, suna iya gaya wa jami'in da ke bincike ko lauyansu cewa suna so a adana akwatin a karanta shi.

Alhaji mai shirin sayen Beljiyam, ga abin da za ka duba tun a wurin dillali. Ka murza makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka kalli allon maleji. Fitilar jakar iska, mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, ya kamata ta kama na 'yan sakan sannan ta mutu da kanta. In ba ta kama ba sam, ko ta kama ta ƙi mutuwa, a sa na'urar sikanin a duba kafin ka biya kuɗi, domin motar da ƙwaƙwalwar jakarta ba ta aiki ba za ta kare ka ranar karo ba, ba kuma lalle ta rubuta komai ba.